Ɗan Yayana Mai Gudu da Baya

Yaya ne ya kawo maganar, wata Juma'a a gidan Hajiyarmu da ke unguwar Rusaifa a Makka, bayan an kwashe kwanuka an kawo shayi. Ya ciro wayarsa ya jingina ta da butar shayin, ya ce kowa ya yi shiru. A cikin wayar wani Ba'amurke ne mai ƙaton wuya, da hular hana-salla a kansa, yana bayani a kan 'yan wasan ƙananan kwalejoji da ke sa ran manyan ƙungiyoyi za su ɗauke su in sun gama karatu. Da ya zo kan ɗan Yaya sai ya murɗe sunan gidanmu har ƙannena suka yi dariya. Ya ce yaron yana da gudu, amma gajere ne. Ya ce makarantarsu ƙarama ce, waɗanda yake karawa da su baɗi war haka malaman firamare ne da masu sayar da taki, saboda haka duk abin da ya yi a gabansu ba abin aunawa ba ne. Bai ko ja numfashi ba ya wuce kan wani yaron.

Yaya ya fassara wa Hajiya da Hausa, bai rage ko kalma ɗaya ba. Sannan ya kife wayar ya ce kalas, magana ta ƙare, masu abin sun yi magana, yaro ya tattaro kayansa da zarar ya gama, ga gidajen saukar alhazai a Aziziyya suna jiran mai kula da su.

Na tambaye shi sau nawa mutumin nan ya zauna ya kalli yaron. Ya dube ni irin duban da yake min tun ina ƙarama in na sa baki a maganar manya.

"Ke me kika sani a ƙwallon nan?"

"Ban san komai ba, Yaya. Amma ni ban taɓa sallamar mara lafiya daga bakin ƙofa ba."

Hajiya ta ce a zuba mata ƙarin shayi, maganar ta mutu a nan.

Mu 'yan unguwar Misfala ne a asali. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso aikin hajji, suka iso suka zauna, a nan aka haifi Hajiya, a nan ta haife mu. Yaya ne ya fara fita cikinmu. Ya samu gurbin karatu a Amurka, ya tafi da matarsa da ɗansu na fari, wanda a lokacin bai gama firamare ba. Da Yaya ya kammala ya dawo, yaron ya riga ya shiga sakandare a can, ya riga kuma ya kamu da ƙwallon nan tasu mai siffar gwanda, wadda ake rungumewa a hannu ana sanye da kwalkwali. Wata ƙaramar kwaleji a wani garin manoma mai tsananin sanyi ta ce ya zo ya yi karatu ya buga mata. Yaya ya yarda ne kawai don karatun. A wajensa ƙwallon kamar kuɗin mota ce, da zarar an isa sai a sauka.

Ni kuwa aikina gashin ƙashi, a wani asibiti a Aziziyya. Abin da nake gani kullum ke nan: tsofaffin alhazai da idon sawu ya kumbura, magina 'yan Nijar da bayansu ya riƙe, matan unguwa da gwiwa ta hana su sujada. Da na fara aikin, sau da yawa mara lafiya zai shigo ya tarar da ni cikin farin kaya, ya dubi fuskata, ya tambaye ni ina likitar take. Wasu har su miƙo min takalmansu in ajiye. Ban taɓa yi musu faɗa ba, amma tun daga lokacin na tsani hukuncin da ake yankewa da kallo ɗaya. Abin da ya tashe ni a kan mai hular nan ke nan. Ba wai na san ya yi kuskure ba. Saurinsa ne ya ɓata min rai.

Washegari na aika wa yaron saƙo na ce ya turo min bidiyon wasanninsa. Ya turo min wanda aka tsince, mai kiɗa a ƙasa, inda duk ƙwallon da aka jefa shi ke kaɗe ta. Na ce masa wannan na masu neman aure ne, ni cikakkun wasanni nake so, har da ranakun da aka wulaƙanta shi. Ya ɗan yi jinkiri kafin ya turo.

Da farko ban gane komai ba. Mutane su durƙusa, su yi karo, a busa usur, su sake durƙusawa. Sai na daina bin ƙwallon, na sa idona a kansa shi kaɗai, a can gefen fili inda yake tsayuwa nesa da cunkoson. A nan na fara fahimta. Kowace ƙungiya tana da mai jifa da masu gudu su cafe. Aikin yaronmu shi ne ya tsaya gaba da gaba da wanda ya fi kowa gudu a cikin abokan hamayya, ya hana ƙwallo shiga hannunsa. Wancan ya san inda zai je, namu bai sani ba. Wancan da gaba yake gudu, namu da baya yake farawa, idonsa a ƙugun mutumin, sai ya ga ya karkata sannan shi ma ya juya ya bi shi. In ya yi aikinsa daidai, mai jifa ba ya ma waiwayo wajensa, babu wanda zai san ya yi wani abu. In ya kuskure sau ɗaya, filin duka ya gani.

Lokacin hutun azahar nake kallo, da ledar waken ful da burodin tamis a gefena, ina mayar da bidiyon baya ina rage masa sauri. Abokan aikina suka ɗauka wani fim na samu. Ban san dokokin wasan duka ba har yau, amma jiki na sani. In mutum ya taka ƙasa, ina ganin abin da ƙafarsa ke ɓoye wa bakinsa.

Na ga abubuwan da suka faranta min rai. In ya juya ta dama, juyin nan kamar an buɗe ƙofar da aka shafa wa mai, ba ya rasa ko taku. Ba ya tsoron karo, duk da yawancinsu sun fi shi nauyi. Akwai wani wasa da wani yaro ya yaudare shi ya bar shi yana tangaɗi, aka ci su, 'yan kallo suna masa ihu. Na tsayar da bidiyon don in ga yadda zai dawo. Ya dawo ya tsaya daf da hancin yaron, kusa fiye da da, kamar ba shi aka yi wa ba. Na ga manyan mutane da suka faɗi sau ɗaya a banɗaki suka shekara suna tsoron tsayuwa, don haka na san darajar wannan.

Na kuma ga abin da ban so ba. In ya juya ta hagu, akwai wani ɗan ƙaramin taku da yake ƙarawa, wanda babu shi a dama. A gaban yaran makarantun da yake karawa da su, gudunsa yana rufe wannan. A gaban wanda ya kai shi gudu ba zai rufe ba. Sannan ga tsawo. Wata rana suka haɗu da wani dogo, mai jifa ya dinga ɗaga ƙwallon sama, dogon yana ɗaukewa ta saman kansa, shi yana tsalle yana kama iska. Na kalli wannan wasan sau da yawa ina neman laifin alƙalin wasa ko na iska, ban samu ba. Mai hular bai yi ƙarya ba a kan tsawo. Gidanmu ba dogaye ba ne, kuma babu gashin da ke ƙara wa ƙashi tsayi.

Hajiya ta same ni ina kallo wata rana a ɗakinta. Ta sa tabarau ta matso, na nuna mata jikanta. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni dalilin da ya sa kowa ke gudu da gaba shi kaɗai yake ja da baya, ko tsoronsu yake ji. Na yi mata bayani. Ta ce to, in haka ne aikinsa ya fi nasu wuya, ta mayar da tabaraunta cikin gida.

Da hutun sanyi ya zo, yaron ya iso Makka don umra. Ya cika ya yi faɗi, wuyansa ya yi kauri, amma har yanzu in ya tsaya kusa da babansa kansu ɗaya. Hausarsa ta karairaye, Larabcinsa ya fi ta ƙarfi, in ya rasa duka biyun sai ya koma Turanci. Gwaggo dai yake kirana, don tun yana ƙarami Hajiya ta hana a kira dangi da Larabci a gidanta. Muka tafi Harami da hantsi, ni da shi da mijina. A wajen sa'ayi, tsakanin korayen fitilun nan inda maza ke sassarfa, ya wuce gabana da haraminsa, ƙafa ba takalmi a kan marmara. A nan na ga abin da bidiyo bai nuna min sosai ba. Tafin ƙafarsa na hagu yana ɗan buɗewa waje, diddigen kuma yana saurin barin ƙasa kamar mai taka wuri mai zafi.

Da muka koma gida na ce ya kwanta a kan darduma. Ya yi dariya ya ce lafiyarsa lau. Na ce ban tambaye shi ba. Na kama idon sawun na lanƙwasa, ya tsaya tun kafin ya kai inda na dama ke kaiwa. Na juya cinyar ciki, ƙugun ya ƙi. Na tambaye shi yaushe ya gurɗe. Ya ce tun shekararsa ta farko a kwalejin. Mutum ɗaya ne ke duba duk 'yan wasan makarantar, na ƙwallo da na kokawa da na ninkaya, ya ɗaure masa da bandeji ya tambaye shi ko zai iya, shi kuma ya ce zai iya, don akwai wani yaro a benci yana jiran gurbinsa. Ciwon ya tafi da kansa, bai sake tunawa ba.

Na ji haushi ƙwarai ranar, ba haushinsa ba. Ga yaro yana ɗauke da abin da za a iya gyarawa shekara da shekaru, babu wanda ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa, amma ga mutane a shirye su faɗi iyakar abin da zai iya zama.

Muka fara aiki. Kullum kafin in tafi asibiti sai ya zo gidana, in matsa, in ja, in sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan matashi yana cafe lemon da nake jefa masa. Yana gumi yana cije leɓe, bai taɓa cewa a bari ba. Ranakun da ba ni da aiki, mijina ya kama mana wata istiraha a bayan gari, irin wadda iyalai ke haya don taro, mai ɗan fili da ciyawar roba. Da sassafe muke zuwa kafin rana ta ɗaga. In tsaya a gabansa da abayata, yana ja da baya, in nuna dama ko hagu ba tare da shiri ba, shi kuma ya juya ya fita da gudu. Mijina ne mai jifa. A ƙuruciyarsa ɗan ƙwallon ƙafa ne a ƙungiyar unguwarsu, kuma haka yake jefa ƙwallon gwandar nan, da hannu biyu daga bayan kai, tana tafiya tana tuntsure kamar kazar da aka yanka. Yaron ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Mai gadin wurin ya tambayi mijina ko wani sabon magani ne matarsa ta ƙirƙiro.

Nakan ɗauki juyin nasa da waya, mu zauna a inuwa mu kalla a hankali. Takun nan na hagu ya fara raguwa. Bai ɓace ba. Abin da jiki ya koya a shekaru ba ya mantawa a hutu ɗaya, na kuma faɗa masa haka. Na koya masa abin da zai ci gaba da yi shi kaɗai in ya koma.

Ana saura kaɗan ya tafi, Yaya ya tara mu a gidan Hajiya. Ya ji labarin istirahar, bai ce min komai ba sai ranar. Ya zauna a kujerar marigayi babanmu, yaron yana ƙasa a gefensa. Ya ce shi ba ya gaba da wasa, amma yana da ɗa ɗaya namiji da ya girma, ga aiki yana jira, ga 'ya'yan abokansa duk sun zauna sun yi aure. Ya ce tunda na mayar da kaina mai duba 'yan ƙwallo, to in faɗi gaskiya a gaban mahaifiyarmu.

"Zai kai ko ba zai kai ba? Kalma ɗaya nake so."

Yaron ya ɗago ya dube ni. Na san abin da yake jira. Mun yi makonni muna gumi tare, yana ganin ni ce tasa.

"Ba ni da kalma ɗaya, Yaya. In ka ce in zaɓi wanda ya fi yiwuwa, ba zai kai ba. Gajere ne, kuma bai taɓa karawa da irin mutanen da zai tarar a can ba. Amma yana da ƙafa, yana da zuciya, kuma abin da ke rage masa sauri ya fara gyaruwa. Yaron da yake da waɗannan ya cancanci ya tsaya a gabansu su dube shi da idonsu. In za a ce masa a'a, wanda ya gwada shi ne zai faɗa. Ba kai ba, ba ni ba, ba mai hular nan ba."

Ban gamsar da kowa ba. Yaron ya sunkuyar da kai. Yaya kuwa ya ce wannan ba amsa ba ce, wayo ne, na ce ba zai kai ba kuma na ce ya tafi, to wa zai biya masa shekarun da zai zubar. Ya ce ni ba ni da ɗa namiji, shi ya sa nake wasa da na wani. Wannan ta shige ni, don ya san inda ya taɓa. Matarsa ta kama hannunsa. Na ce masa na ji, amma ban janye ko harafi ba, kuma in ya sake tambayata gobe abin da zai ji ke nan.

Hajiya ba ta goyi bayan kowa ba. Ta tambayi yaron ko yana samun yin salla a kan lokaci a can, ya ce yana yi, har a ɗakin canza kaya. Ta tambaye shi ko zai gama karatun, ya ce saura zango ɗaya kuma zai gama. Sai ta ce wa Yaya ita ba ta ga abin da za ta hana ba, in shi yana da abin hanawa ya hana da bakinsa, kada ya jingina da ita. Yaya bai hana ba. Ya tashi ya ɗauki makullin motarsa.

A hanyar filin jirgin Jidda ni da mijina muka kai yaron. Da muka wuce shingen bincike sai ya ce daga kujerar baya, da Larabci, ya ɗauka ni na yarda da shi. Na ce masa da ban yarda da shi ba da na yi masa ƙarya. Da zai shiga ya sumbaci kaina kamar yadda aka saba, amma na san bai huce ba.

Yaya ya daina yi min magana. In na shigo gidan Hajiya ranar Juma'a, zai amsa sallama ya ci gaba da duba wayarsa. Matan dangi suka samu abin faɗa a wajen biki, wai gwaggo ta zuga yaro ya ƙi ubansa saboda wasan da ko a talabijin ɗinmu ba a nunawa. Wata ta faɗa a gabana tana dariya. Na ce mata in ɗanta ya taɓa iya wani abu, ta kawo shi in duba mata shi ma.

Masu neman 'yan wasa ba sa zuwa irin kwalejinsu. Sai da kocinsu ya roƙa aka ba shi dama ya je ranar gwaji ta wata babbar jami'a da ke kusa, ya tsaya a ƙarshen layi bayan 'yan gida sun gama. Ya kira ni da ya fito. Ya ce ya yi gudu mai kyau, an sa su juyin nan dama da hagu, wani dattijo mai riƙe da agogo ya sa shi ya maimaita na hagun, sannan ya tambaye shi sunan makarantarsu ya sake tambaya. Tun daga tafiyarsa sai ranar ya sake ce min Gwaggo da irin muryar da.

Lokacin zaɓen 'yan wasa ya zo ya wuce, ba a kira sunansa ba. Bayan nan wata babbar ƙungiya ta gayyace shi sansanin gwaji na 'yan kwanaki, tare da tarin yara irinsa. Ya ce min a can ya ga mutanen da suka fi shi tsawo kuma suka kai shi gudu, abin da bai taɓa gani a jiki ɗaya ba. Ya kaɗe ƙwallo daga hannun ɗaya daga cikinsu a rana ta farko. A rana ta ƙarshe wani ya ɗauke ta ta saman kansa. Suka kira shi ofis, suka gode masa, suka ce ya ajiye kwalkwalinsu a bakin ƙofa.

Ranar ce Yaya ya buga min waya, karon farko cikin watanni. Ko gaisuwa bai gama ba.

"To, kin ji? Abin da mutumin nan ya faɗa tun farko ke nan."

"Mutumin nan cewa ya yi kada a duba. Waɗannan sun duba. Ba ɗaya ba ne, Yaya."

"Ƙarshen dai ɗaya ne."

"A wajenka."

Ya kashe wayar. Na zauna a ɗakin gashi ni kaɗai na yi kuka, don ina son yaron nan kuma na so a ce hasashena bai yi daidai ba. Sannan na wanke fuska na kira mara lafiya na gaba.

Bai dawo nan take ba. Wata ƙungiya a wata ƙaramar gasa, wadda ake biyan 'yan wasa abin da zai riƙe su kawai, ta ɗauke shi. Ya buga musu kakar wasa biyu. Suna tafiya a bas daga gari zuwa gari, suna kwana su huɗu a ɗaki. Yakan turo min wasanninsa cikakku ba tare da na tambaya ba, ni kuma in aika masa abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. A kaka ta biyu kafaɗarsa ta goce a wani karo, aka yi masa aiki, likitocin can suka ce zai iya komawa in ya so. Ya kira ni ya tambaye ni. Na sa ya ɗaga hannun a gaban waya, ya juya, ya sauke. Na ce masa kafaɗar za ta warke, amma wannan karon ba jikinsa zan duba masa ba, shi zai duba ransa. Bayan kwanaki ya ce min ya ƙoshi. Ya ce ya ga iyakarsa da idonsa, ya san inda take, kuma ba ya jin akwai wanda ya cuce shi.

Yanzu yana Makka. Bai karɓi gidajen alhazan duka ba, rabi ya ɗauka, sauran lokacinsa yana horar da 'yan gudu a wani kulob a Jidda. Shi da babansa suna zaune lafiya, sukan yi gardama a kan masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki kamar kowane uba da ɗa. Ni da Yaya mun koma magana, amma wannan batun bai rufu a tsakaninmu ba, ba na kuma jin zai rufu.

A sallar da ta wuce muna gidan Hajiya, wani abokin Yaya ya zo gaisuwa da iyalinsa. Ya tambayi dalilin da ya sa yaron ya daɗe a waje bayan gama karatu. Ina ta bayan labule ina zuba gahawa, ina jinsu. Yaya ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce ai ƙanwarsa ce ta ɓata wa yaron shekaru, ita ta ɗaure masa gindi.

Na miƙa tiren ta gefen labulen.

"Ni ce, Alhaji," na ce wa baƙon. "In yana da ƙane ma a kawo min."

Baƙon ya ɗauki dabino. Yaya ya karɓi tiren daga hannuna ya ce gahawar ta yi sanyi, na ce masa ya sha haka.